BABI NA UKU: Tasirin Dokokin Kare Muhalli a Kan Tsadar Aiki da Gasa Tsakanin Kamfanonin Jima na Kano

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin jima a matsayinta na ɗaya daga cikin sana'o'in Hausawa na gargajiya, tare da nuna irin rawar da mahauta da dillalan fata na ƙasar Gaya da Ajingi suke takawa a cikinta. A wannan babi kuwa za a duba yadda dokokin da hukuma ta kafa domin kare muhalli suke shafar kuɗin da kamfanonin jima na zamani suke kashewa, da kuma yadda suke sauya yanayin gasar da ke tsakaninsu. Ana iya tambaya, me ya haɗa Ajingi da wannan batu, alhali ba a ƙasarta aka kafa kamfanonin ba? Amsar ita ce, harkar tana shafar mutumin Ajingi ta fuska biyu. Shi ne mai kiwon akuya da tunkiyar da ake jeme fatunsu a Kano, kuma shi ne yake zaune a gangaren kogin da ake zuba ruwan da aka yi aikin fatar da shi. Saboda haka ko an tsananta doka ko an sassauta ta, akwai abin da zai iso gare shi.

3.1 Daga Bagaruwa Zuwa Kurom

Majemin gargajiya yana aiki ne da abubuwan da ke kewaye da shi. Yakan jiƙa fata, ya tsoma ta a ruwan toka domin gashi ya saki, ya kankare da kartaji, sannan ya jeme ta da ruwan bagaruwa. Idan jar fata ake so sai a rina da karan dafi. Da irin wannan aiki ne fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna, har fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Bature Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a shekarar 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu a cikin manyan hajojin da birnin yake fitarwa. Majemar gargajiya tana da wari, babu mai musun haka, amma abin da take zubarwa kaɗan ne, kuma yawancinsa mai ruɓewa ne da kansa.

Kamfanonin zamani da aka kakkafa a Bompai da Sharaɗa da Calawa sun zo da wata hanya dabam. A maimakon bagaruwa, suna jima da gishirin wani ƙarfe da ake kira kurom, wanda da shi ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau. Dalilin karɓuwarsa shi ne sauri, domin aikin da kan ci kwanaki ko makonni da ɓawon itace ana gama shi cikin yini guda, fatar kuma ta fito da laushi da juriyar zafi. Fatar da ta fito daga wannan mataki shuɗiya ce mai danshi, daga nan ne ake rina ta, a sa mata mai, a goge ta. Kafin a kai ga kurom kuwa sai an wanke gishirin da aka adana fatar da shi, an cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai suna salfaid, wanda shi ne yake ba da warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da duk wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ya san shi.

Matsalar tana cikin lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Daga tan ɗaya na ɗanyar fata, abin da yake zama gamammiyar fata bai cika wuce kilo 200 zuwa 250 ba. Sauran duk shara ne: gashi, da kitse, da tsokar da aka kankare, da gefe-gefen da aka datse. Haka kuma a aikin da aka saba, kimanin kashi biyu cikin uku na kurom ɗin da aka zuba ne kawai fata take sha, ragowar yana bin ruwa ya fita. Wato ke nan kamfani yana sayen sinadari da kuɗin waje, sannan ya zubar da sulusinsa a kwata.

3.2 Inda Dagwalon Yake Zuwa

Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Wannan bai biyo ta ƙasar Gaya ba. Na Sharaɗa kuwa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Calawa, kamar yadda na rukunin masana'antun Calawa yake yi. Kogin Calawa yana haɗuwa da kogin Kano a yankin Tamburawa, su zama kogi ɗaya da ya ratsa Wudil, ya nufi arewa maso gabas ta gefen ƙasar Ajingi, ya shiga Jihar Jigawa ta wajen Ringim, har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru.

Ya kamata a yi adalci a nan. Mafi munin ɓarna tana faruwa ne a kusa da bakin magudanun kamfanonin, inda ruwa yake sauya launi, kifi ya mutu. Kafin ya iso Wudil ya riga ya gauraya da ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Calawa, wadda aka kammala a 1992. To amma sirki ba ya kawar da komai. Gishiri ba ya kwantawa, tafiya yake yi da ruwa. Kurom kuwa yana kwantawa a cikin lakar ƙasan kogi, ya zauna shekara da shekaru, idan ambaliya ta zo ta kwashe lakar ta shimfiɗa ta a fadama. Daɗin daɗawa, lokacin da ruwan kogi ya fi ƙaranci, wato da rani, shi ne lokacin da dagwalo ya fi ƙarfi a cikinsa, kuma shi ne lokacin da masu noman rani suke jona injinan ban ruwa domin tumatir da albasa da tattasai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kurom ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha, abin da ke nuna cewa ɗan kaɗan ma abin lura ne. Nau'in da ake jima da shi ba shi ne mafi haɗari ba, sai dai yana iya rikiɗa ya koma wani nau'in da aka tabbatar yana haddasa ciwon daji.

3.3 Dokokin da Aka Kafa

Kafin shekarar 1988 Nijeriya ba ta da wata hukuma ta tarayya da aka ɗora wa alhakin muhalli kacokan. Abin da ya farkar da gwamnati shi ne gano sama da tan 3,000 na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na Jihar Bendel ta wancan lokaci. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tilasta aka kwashe sharar, sannan a wannan shekara ta fitar da dokar soja mai lamba 42 a kan shara mai guba, da mai lamba 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta kafin ta sake shi, tare da iyakance yawan sinadaran da aka yarda su fita. A 1992 aka ƙara da doka mai lamba 86, wadda ta ce sai an auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 1999 aka narkar da FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin. Ita ce ta fitar da ƙa'idoji na musamman a 2009 da suka shafi masaƙu da kamfanonin fata da na takalma. Jihar Kano ma tana da tata Ma'aikatar Muhalli.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga cewa ba rashin doka ne yake damun harkar ba. Abin lura shi ne batun tara. Dokar 1988 ta ce kamfanin da ya zubar da abu mai guba za a ci shi tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, da ƙarin naira 1,000 a kan kowace ranar da laifin ya ci gaba. A wancan lokaci dalar Amurka ba ta kai naira 5 ba, don haka tarar ta haura dala 100,000. Dokar 2007 ta ɗaga tarar zuwa naira miliyan 1 da ƙarin naira 50,000 a kullum, amma a shekarar dala tana wajen naira 125, wato babbar tarar ta koma kimanin dala 8,000. A takarda an ninka hukunci, a aljihun kamfanin da yake sayar da hajarsa da dala kuwa an rage shi ƙwarai. An yi wa dokar kwaskwarima a 2018, sai dai darajar naira ta ci gaba da faɗuwa, musamman bayan da aka sake ta ga kasuwa a 2023.

3.4 Nauyin da Doka Take Ɗora wa Kamfani

Kuɗin bin doka iri biyu ne, kuma bambance su yana da muhimmanci ga fahimtar abin da zai biyo baya. Na farko shi ne wanda ake kashewa sau ɗaya: fili, da haƙa tafkunan da dagwalo zai kwanta, da raba magudanar ruwan kurom da ta ruwan salfaid, da sayen famfuna da injinan hura iska, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. Na biyu shi ne na yau da kullum: sinadaran da ake zubawa domin datti ya dunƙule ya kwanta, da albashin ma'aikatan matata, da kuɗin gwajin ruwa, da kwashe lakar da ta taru a kai ta inda ba za ta koma wa ruwa ba, da kuma wutar lantarki.

A ganin mai nazari, wutar lantarki ita ce gaɓar da ba a cika ba ta haƙƙinta ba idan ana wannan magana. Matakin tacewa na biyu yana dogara ne a kan wasu ƙananan halittu da suke cinye dattin da ya narke a ruwa, su kuwa ba sa rayuwa sai ana hura musu iska dare da rana. Idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci sai su mutu, a koma farko. A ƙasar da wuta take tsaye wannan ba wani abu ba ne. A Kano kuwa ma'anarsa ita ce janareta ya kwana yana shan gas ko da babu fata ko ɗaya a cikin ganga, ga shi kuma farashin gas ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022. Ke nan ƙa'ida ɗaya ce a rubuce, amma cika ta ya fi tsada ga majemin Calawa a kan takwaransa na Italiya. Wannan ne ma ya sa a ƙasashe irin namu ake samun matatar da aka gina, tana nan a tsaye, amma ba a kunna ta sai ranar da aka ji masu duba-gari suna tafe.

3.5 Yadda Doka Take Sauya Gasa

Masana tattalin arziki sun rabu biyu a kan wannan batu. Wasu suna ganin duk wata dokar muhalli ƙarin nauyi ce, kuma tana korar masana'antu masu ƙazanta daga ƙasashen da suka tsananta zuwa waɗanda suka sassauta. Akwai alamar gaskiya a nan, domin jiƙaƙƙen ɓangaren aikin jima, wanda ya fi ɓata ruwa, ya ƙaura da yawa daga Turai da Amurka zuwa Asiya da Afirka da Kudancin Amurka. Shi kuwa Michael Porter na Jami'ar Harvard, a 1991, sannan tare da Claas van der Linde a 1995, ya kawo ra'ayin cewa dokar da aka tsara da kyau takan tilasta wa kamfani ya gano asarar da yake yi bai sani ba, har ribar gyaran ta iya biyan kuɗinsa. Wallace Oates da abokan aikinsa sun mayar masa da martani a 1995, suna cewa irin wannan sa'a ba kullum ake samunta ba.

Idan aka auna ra'ayoyin biyu da aikin jima za a ga kowanne yana da inda ya dace. Maido da kurom misali ne da ya goyi bayan Porter. Ana tara ruwan kurom shi kaɗai, a zuba masa wani sinadari ya kwanta, a narkar da shi a sake jima da shi. Tun da da dala ake sayen kurom, duk faɗuwar naira tana ƙara wa wannan dabara riba. Amma tace sauran dagwalo, da hura iska, da zubar da laka, babu abin da suke mayarwa aljihun kamfani. Asara ce tsantsa a littafinsa, amfaninta yana zuwa ne ga masunci da manomin da ke gangare.

Ta fuskar gasa kuwa, abu na farko shi ne bambancin babba da ƙarami. A ƙaddara, domin misali kawai, akwai kamfanoni biyu. Na farko yana jeme fata 1,000,000 a shekara, matatarsa tana cin naira miliyan 50. Na biyu yana jeme fata 100,000, tasa matatar tana cin naira miliyan 15, domin ko da ƙarama ce sai ta samu janareta da ma'aikaci da gwaji. A kan kowace fata babban ya ƙara naira 50, ƙaramin kuwa naira 150. Doka ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ta fifita babba. Haka kuma babban ne yake iya samun rancen banki, shi ne kuma yake da filin da zai haƙa tafki. Idan aka tsananta ba tare da wani tanadi ba, ƙananan ne za su fara rufewa, kasuwa ta koma hannun 'yan tsiraru. Wata dokar ma da ba ta muhalli ba ce ta ƙara tura harkar wannan hanya, wato haramta fitar da ɗanyar fata da shuɗiyar da ba a gama ba zuwa ƙasashen waje. Manufarta mai kyau ce, a gama aikin a gida a samar da aikin yi, amma gamawa tana bukatar injina masu tsada, tana kuma ƙara rini da mai a cikin dagwalo.

Abu na biyu, wanda mai nazari yake ganin ya fi na farko illa, shi ne bambancin mai bin doka da mai ƙin bi. Idan kamfanoni biyu suna makwabtaka, ɗaya yana kunna matatarsa, ɗaya yana buɗe magudana da tsakar dare, to na biyun yana da rarar da zai iya ƙara wa dillali farashi da ita ya kwashe fatu masu kyau, ko ya rage wa mai saye. A irin wannan hali mai gaskiya shi ne ake hukuntawa. Ɗan kasuwa kuma lissafi yake yi: idan tara ba ta kai kuɗin gas na wata guda ba, kuma da wuya a kama shi, to biyan tara ya fi masa sauƙi. Ba a nufin wanke kamfanoni da wannan magana, amma kamar yadda Hausawa suke cewa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da ake aiwatarwa jefi-jefi ta fi rikita gasa a kan wadda ake aiwatarwa a kan kowa, komai tsananinta. Akwai kuma abin da yake ɗaure wa hukuma hannu. Kano ta riga ta yi asarar masana'antu masu yawa, musamman masaƙu, tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, don haka duk lokacin da aka yi maganar rufe kamfani sai a tuna da ma'aikatan da za su koma gida.

Abu na uku shi ne dokar da ba a Abuja aka rubuta ta ba. Mafi yawan gamammiyar fatar Kano waje ake kai ta, musamman Italiya da Sifen da ƙasar Sin, don haka sharaɗin mai saye ya zama doka. Jamus ta haramta wani maganin adana fata mai suna PCP a 1989, ta kuma hana wasu nau'o'in rini a 1994. Daga 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan mugun nau'in kurom ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Bugu da ƙari, tun 2005 akwai ƙungiyar Leather Working Group, wadda take binciken majemu ta ba su shaida, manyan masu yin jaka da takalma da dama kuma suna neman wannan shaida kafin su saya. A nan lissafin ya juye, domin kamfanin da ya kashe kuɗi a kan matata shi ne yake shiga kasuwa mai tsoka, wanda ya ƙi kuma ya koma sayarwa da araha. Wannan sharaɗi ya fi tarar hukuma ciwo, domin mai saye ba ya bukatar kai kowa kotu, janye odarsa kawai zai yi.

3.6 Matatar Haɗin Gwiwa

Hanyar da ƙasashe da dama suka bi domin kada doka ta kashe ƙananan kamfanoni ita ce matata ɗaya babba, kowane kamfani ya yi tacewar farko a gidansa ya turo sauran, ya biya gwargwadon abin da ya turo. Haka majeman Italiya suke yi a Santa Croce da Arzignano. A Indiya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1996 a kan majemun Jihar Tamil Nadu da suka ɓata kogin Palar, ta ce wanda ya ɓata shi zai biya, ta kuma ba da umarnin rufe waɗanda ba su da matata. Da yawa sun rufe, waɗanda suka tsira kuwa akasari ta hanyar haɗa kai suka tsira. Bangaladash ta ba da darasi ta ɗaya ɓangaren. A 2017 an tilasta wa majemun unguwar Hazaribagh ta birnin Dhaka ƙaura zuwa Savar, amma babbar matatar da aka gina musu ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai ƙazantar ta koma wani kogin, kamfanonin kuma suka kasa samun shaidar da Turawa suke nema.

A Kano ma an daɗe ana wannan magana, har Gwamnatin Tarayya ta sa hannu ta Asusun Kula da Muhalli domin samar da magudanu da matatu ga Calawa da Sharaɗa da Bompai. Abin da misalin Bangaladash ya nuna shi ne, gini ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne wa zai sayi gas, wa zai auna abin da kowa ya turo, wa kuma yake da ikon toshe bututun babban kamfani idan ya ƙi biya.

3.7 Rabon Mutumin Ajingi

Saura tambayar da ta fi shafar yankin da ake nazari, wato a wuyan wa kuɗin yake ƙarewa? Majemin Kano ba shi yake yanka farashi a kasuwar duniya ba, domin yana gogayya ne da na Habasha da Indiya da Pakistan. Idan tsadar aikinsa ta ƙaru ba zai iya ɗora ta duka a kan mai saye ba, don haka sai ya waiwayo baya, ya rage abin da yake ba babban dillali. Shi kuma ya rage wa mai bin kasuwannin ƙauye da karar Wudil ta ranar Juma'a, har abin ya iso kan mahaucin Gaya ko Ajingi, da mai fatar layya da Babbar Salla. Idan kuma ƙananan kamfanoni sun rufe, masu saye sun ragu, to ƙarfin ciniki na mai fata ya ƙara raguwa. Mai ƙirgi yana da mafita, domin masu ganda suna saye da daraja, har ma sun janye mafi yawan fatun shanu daga hannun majema. Mai fatar akuya da tunkiya kuwa ya fi dogara ga kamfani.

Ta wannan fuska sai a ga kamar sassauta doka ne alheri ga talakan ƙauye. To amma idan aka duba da kyau, abin da zai rasa a kan fata 'yan nairori ne a kan dabbar da darajarta take cikin namanta, kuma ba kullum yake sayar da fata ba. Abin da zai rasa idan fadama ta yi gishiri ko kifi ya ƙaura kuwa abincin shekara ne. Kuɗin da kamfani bai kashe a kan matata ba bai ɓace ba, an dai mayar da shi kan wanda ba ya cikin cinikin. Sau da yawa ma gida ɗaya ne yake sayar da fatar kuma yake noman ranin.

Akwai kuma wani ɓangare na dagwalon da asalinsa daga ƙauye yake, wato gishiri. Mai tara fata yana barbaɗa mata gishiri ne domin kada ta ruɓe kafin ta isa Kano, wannan gishiri kuma shi ne abin da matata ta yau da kullum ba ta iya cirewa daga ruwa, sai da na'urori masu tsananin tsada. A zamanin En'e akwai ma'aikatan duba fata da suke koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba, da shanya fata a inuwa a kan firam maimakon a ƙasa cikin rana. Cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samarun Zariya tana horar da mutane a wannan fanni. Idan aka kakkaɓe gishiri kafin a jiƙa fata, ko aka gaggauta kai ta kamfani da ɗan gishiri kaɗan, nauyin da ke kan matata yana raguwa tun daga tushe. Haka nan fatar da aka feɗe da kyau tana shiga sahun farko, alhali ruwa da kurom ɗin da ake kashewa a kanta daidai yake da wanda ake kashewa a kan mai huji, wadda rabinta zai ƙare a juji. Daga Ajingi zuwa Kano ta hanyar Gaya da Wudil tafiyar 'yan sa'o'i ce, don haka fatar da aka feɗe da safe tana iya kwana a Calawa, in da akwai kamfanin da zai biya ƙarin kuɗi a kan fatar da ta iso da wuri.